Jegon Binta da Ƙwaryar Kunun Kanwa

Zuwa ga ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Malam da yara, ya zaman Maraɗi? Mu nan Challawa sai godiya.

'Yata Binta, 'yarki, ta sauka lafiya, an samu mace. Na yi jika, sabuwar amaryata, har abokan aikina a masana'anta sun gaji da labarinta.

Sai dai jegon. Tun aikin rage ƙiba da aka yanke mata tumbi, loma kaɗan ke ƙosar da ita. Matan gida suka dage sai ta shanye ƙwaryar kunun kanwa don nono ya kawo. Ta ce, "Baba, gaya musu babu wuri." Suka ce raki ne. Ta sha, ta amayar. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo.

Likita ya ce haka za ta rayu, kaɗan-kaɗan, da magungunan ƙarin jini. Nonon bai kawo sosai ba tukuna.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Ki daure ki zo, ke za su ji maganarki. Ni namiji ne, ba a tambayata a ɗakin jego.

Yayanki,
Garba