Hannun da ke Riƙe da Cokali

Litinin, 3 ga Satumba, 2007

Ɗana Dindo ya aiko da faifan fim ɗinsa ta hannun ƙanwarsa Marilou. Bai zo da kansa ba. Ba ya shiga gidan nan sai da Arnel, ni kuwa na ce ba na son ganin Arnel. Shekara uku ke nan suna zaune tare, namiji da namiji. Ranar jana'izar matata Luming Arnel ya sunkuyo zai ɗauki hannuna ya ɗora a goshinsa, yadda muke gaida manya, na cusa hannun a aljihu. A gaban ɗana na yi.

Laraba, 5 ga Satumba

Na kalla a shago. Labarin wani uba ne mai taurin kai da ɗansa mai son namiji, ba sai an gaya min ko su wa ake nufi ba. Hoton kuwa abin kunya. Shekara talatin ina gyaran talabijin a garinmu Marikina na ƙasar Filifin, a ce ɗana ya yi fim kamar a cikin tukunya aka ɗauka. Kyamara na rawa, fuskoki sun yi kore, zakaran maƙwabta ya fi 'yan wasan murya.

Alhamis, 6 ga Satumba

Na kira Dindo a waya na ce, "Kai, ba ku da fitila ne?" Ya yi dariya: "Baba, duk fim ɗin fitila ka gani?" Na ce ita na gani. Amma na ji muryarsa, na gode wa Allah.

Asabar, 8 ga Satumba

Akwai wurin da uwar cikin fim take kwance ana ba ta kunun shinkafa. Duhu ne, inuwa kawai ake gani. Hannun mai gyara ba ya zama, na murɗa haske har ƙarshe kamar yadda nake wa kowace talabijin.

Ba 'yar wasa ba ce. Luming ce. Tsohon kaset ne na kyamarar gida, a watanta na ƙarshe, ga labulen da ta ɗinka. Hannun da ke riƙe da cokalin yana da tabon ƙuna, irin na masu gasa burodi. Arnel burodi yake gasawa. Da ta ƙoshi ita ta miƙa masa hannu, ya ɗora a goshi. Ta ce, "Gobe ka ƙara gishiri, ɗana."

Na rufe shago da rana tsaka. Na yi kuka, ba zan ɓoye wa takarda ba.

Lahadi, 9 ga Satumba

Na tambayi Marilou. "Kullum Arnel sai ya zo, Baba, kana shago. Mama ta ce kar a faɗa maka, za ka tayar mata da ciwon kai da hayaniyarka."

Da hoton ya fito tas kamar na manyan kamfanoni, da ban taɓa murɗa komai ba, da na kalla da fushina na wuce. Na gode da duhun nan.

Lahadi, 16 ga Satumba

Na ce Dindo da Arnel su zo in nuna musu yadda ake daidaita launi, aiki ne kawai. Na dafa miyar tsamiya da kifi, ta yi yawa ga mutum ɗaya. Arnel ya tsaya a bakin ƙofa da ledar burodi, ya kasa shigowa. Dindo ya zuba min ido.

Wandon da na sa yau ba shi da aljihu, ban lura ba sai daga baya. Arnel ya ɗora hannuna a goshinsa. Goshin yaron duk gumi ne.