Tuman Bai Daina Gudu Dama Ba

Raushan apai, babbar yayarmu, don Allah ki taimake ni, ban san wanda zan faɗa wa wannan ba. Ina aji goma, kuma ban taɓa rubuta wa jarida ba. Idan kin ga maganar kare ta yi wa filinki ƙanƙanta ba zan ji haushi ba, amma ki daure ki karanta har ƙarshe.

Babana ya rasu bara, lokacin da ganye ya fara zuba. Zuciyarsa ce ta tsaya yana tsakiyar aiki a garejin motocin bas. Ya bar ni da Mama da mahaifiyarsa, wadda muke kira Azhe, sai kuma karensa Tuman. Shekara huɗu suna shiga gasar cafe faifai tare. Mutum ya jefa faifan roba, kare ya bi shi da gudu ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, in ya yi tsalle ya kama a sama a ƙara musu maki. Ni aikina riƙe gorar ruwa ne da jakar Baba a bakin fili. Sau da yawa ya ce in zo ya koya mini, ni kuma kunyar idon mutane ta hana ni.

Baba bahago ne. Faifan da aka jefa da hagu, idan ƙarfinsa ya kusa ƙarewa, dama yake karkata. Nawa kuwa hagu yake yi. Tuman ba ya jiran ya ga faifan. Da na ɗaga hannu sai ya zagaya bayana ya fita da gudu, ya nufi dama, ya ɗaga kai yana kallon sama inda babu komai. Faifaina ya faɗi can gefe shi kaɗai. Sai ya tsaya yana waige, ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo.

Duk lokacin sanyi muna fita filin da ke bayan makarantarmu, cikin dusar ƙanƙara, kafin in shiga aji. Na gwada jifa da hagu har wuyan hannuna ya kumbura, na kuma buga wa maigadin makaranta faifai a ƙeya. Da sanyi ya wuce na yi ƙarfin hali na shiga wata ƙaramar gasa. Minti ɗaya ake bayarwa, kuma bai kama ko ɗaya ba. Na ji wata mata a bayan igiya tana cewa, "Kare dai ya iya, a samo masa mai hannu." Wani ya ce mata, "Yi shiru mana, 'yar marigayi ce." Wallahi na biyun ya fi yi mini ciwo. Da aka busa usur Tuman bai ɗauko faifan ba, ya dawo ya sa hancinsa cikin tafin hannuna na hagu.

A wurin nan ne Sabit aga, wato kawu Sabit, abokin Baba wanda suke zuwa gasa tare, ya raka ni har tashar bas. Bayan kwana biyu ya zo gida da alewa, ya sha shayi, ya ce wa Mama a ba shi Tuman. Yana da gida mai fili a bayan gari, mu kuwa muna hawa na huɗu. Ya ce kare irin wannan in bai yi aiki ba lalacewa yake yi, kuma shekarun tsallensa ba su da yawa. Mama ta amince tun bai rufe baki ba. Azhe ce ta ajiye kofinta ta ce, "A ƙauyenmu dokin mamaci ba a hawansa sai an yi sadakar shekara. Ku bar dabba ta gama makokinta, kai ma Sabit ina kake sauri?" Shi ya sa aka ɗaga maganar zuwa ranar sadakar, kuma ta kusa.

Mama ta ce jarrabawar shiga jami'a na gabana, ba ni da lokacin bin kare. Ba ta taɓa dukansa ba, amma da yamma, lokacin da Baba ya saba dawowa, Tuman yakan kwanta a bakin ƙofa, ita kuma sai ta shige kicin ta buɗe famfo, ko da babu abin wankewa. Ban iya yi mata magana ba. Duk lokacin da na shirya kalmomina sai in koma ɗakina da su.

Apai, na san Sabit aga ya fi ni hannu. Wataƙila son kai ne ya sa na riƙe Tuman. Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina so ya koyi jifana, kuma ina tsoron ya koya. An raba rigunan Baba, an ba wani makullin akwatinsa a gareji, kowa ya saba. Tuman kaɗai ne har yanzu yake zuwa inda faifan Baba zai sauka. Idan ya daina, ko a hannuna ko a hannun wani, wa ya rage? In ba da shi, ko in roƙi a bar mini shi? In an bar mini, me zan yi da shi?

Mai jifa da dama, Almaty

*

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ba ku haƙuri. Maganarki ba ƙarama ba ce, kuma kin rubuta ta da kyau.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Sabit yana da gaskiya a kan kare. Dabbar da ta saba da gudu tana wahala a hawa na huɗu, kuma ba daidai ba ne a mai da Tuman abin tunawa, kamar agogo a cikin durowa. Mamarki ma tana da gaskiya a kan jarrabawa, sai dai ba na jin jarrabawa ce take buɗe famfon nan. Kare ɗaya ne, kwanciya ɗaya yake yi a bakin ƙofa. Ke yana sanyaya miki zuciya, ita yana tayar mata da ciwo kullum da yamma. Kada ki ɗauke ta marar tausayi.

Duk da haka ban ce ki ba da shi ba. Yarinyar da ta yi ta fita cikin ƙanƙara kafin aji, ta kuma tsaya gaban mutanen da take jin kunya, ba wasa take yi ba. Tuman bai ƙi ki ba. Shekara huɗu ƙafafunsa suka yi suna koyon hanya ɗaya, kuma ba wanda ya nuna masa wata.

Ki bar jifa da hagu kafin ki ji wa kanki rauni. Ba za ki zama babanki ba, kuma ba a nemi haka daga gare ki ba. Na tambayi wata mai wannan wasa, ta ce ku koma farko kamar ɗan kwikwiyo: ki gangara masa faifan a ƙasa, sannan jifa gajere, taku kaɗan, har ya koyi kallon faifai maimakon zato. Nisa zai zo daga baya.

Ki je wurin Sabit kafin ranar sadaka, ki tafi da Azhe, tunda na ga bakinta ba ya toshewa. Ki ce masa kare ba na bayarwa ba ne, amma kina neman malami. Tuman ya riƙa yin ƙarshen mako a filinsa, ke ma ki je ki koya, idan jarrabawa ta matso ya riƙe shi gaba ɗaya har ki gama. Mutumin nan aboki ya rasa, ina jin shi ma wani abu na abokinsa yake so ya riƙe. Ita kuwa Mama, in baki ya ƙi, ki ajiye mata jaridar nan kusa da butar shayi. Sannan ki riƙa fita da Tuman da yamma kafin ya kai ga ƙofar. Idan an yi duk wannan ta ce har yanzu ba za ta iya ba, ki bar shi ya zauna can, ke ki riƙa zuwa. Uwa ɗaya gare ki, ita ma tana ciwo.

Saura tambayarki ta gaskiya. Wa ya rage? Ke. Ke ce kika tsaya a bakin fili da gorar ruwa kina kallon hannunsa, har kika san inda faifansa yake sauka ba tare da an koya miki ba. Wannan ba ya cikin kayan da ake rabawa.

Wata safiya za ki jefa, Tuman ya bi hagu ya cafe, ya kawo miki yana kaɗa jela. Za ki ji kamar yau aka yi rasuwar. Ki karɓi faifan, ki yaba masa sosai, don shi bai yi laifi ba. Ki yi kukanki, sannan ki sake jefawa. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, ya sanyaya zuciyar gidanku.

Raushan apai