Haɓa a Ƙirji

Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya gajiya? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Tunda wayarka ta nutse a kwaɓin siminti dole na koma biro, direban tifar da ke kai muku yashi ya zama ɗan aikena.

Jiya masu allurar sanƙarau suka zo makarantar unguwa, na kai yaran. Babba mai cika baki shi ya fi kowa kuka, Auta kuwa ko gezau. Ni na koma gefe ina riƙe musu takalma, a zatona abin na yara ne. Nas ɗin ta ce ciwon ba ya tambayar shekaru, ta kama hannuna ta tsira min, har yanzu damtsena tsami yake. Ta ce alamarsa zazzaɓi da ciwon kai, sai wuya ya ƙage har haɓa ta kasa taɓa ƙirji. Yau da safe na sa yaran sun sunkuyar da kai na duba, su sun ɗauka wasa ne.

Abin da ya hana ni sukuni, direban ya ce Dogo, maƙwabcin shimfiɗarka, yana kukan kai da wuya, kuna ta yi masa tsiya wai bulo ne ya danne shi. Na san halinku leburori, kowane ciwon wuya na bulo ne, a shafa man zafi a koma aiki. Ga ku cunkushe a ɗaki mai taga ɗaya, kofin shan ruwanku ma ɗaya. Don Allah ku kai shi asibiti.

Ka huta lafiya.
Taka, Maman Auta

Baban Auta,

Ina gaishe ka, da fatan takardar nan ta same ka a tsaye. Direban ya faɗa min Dogo ya cika a hanyar asibiti, Allah ya jiƙansa. Ya ce kansa na kan cinyarka. Ya kuma ce ya ga kana murza wuyanka, da ya tambaya ka ce gammonka ne ya mutu.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Na koma wurin nas. Ta ce duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi akwai maganin da za a ba shi yau, allura ta biyo baya. Mai zazzaɓi kuwa kada ya jira komai.

Tunda muke ban taɓa ba ka umarni ba, yau ka yi haƙuri. Na roƙi direban kada ya tayar da mota sai da kai. Kafin ka naɗe takardar nan ka sunkuyar da kanka, ka kai haɓarka ƙirjinka, ya gani da idonsa. Ko ta taɓa ko ba ta taɓa ba, shiga motar.

Auta na gefena, haɓarta a ƙirji. Ta ce a faɗa wa Baba ba wuya, shi ma ya gwada.

Allah ya dawo mana da kai.
Matarka, Maman Auta