Amshin Na Cikin Rijiya

Riyad, watan Sha'aban 1438

Zuwa ga ƙanena Malam Mamane Ladan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke cin tuwo a gidanmu. Allah ya ƙara maka lafiyar gwiwa da ƙarfin murya, ya ba maiɗakinka Delou sauƙin ciwon idon da aka ce tana fama da shi. Mu nan sai godiya. Zafi ya fara shigowa, irin wanda in ka kama ƙarfen ƙofa da rana sai ka yi salati ba shiri. Ina nan ina gadin siton nan na Sina'iyya, unguwar masana'antu, kamar yadda ka sani. Ƙafar dama tana yi min gardama da safe, amma in rana ta ɗaga tana bin umarni. 'Yata Hajar da mijinta suna lafiya, 'yar autarsu Safiyya ta sauke izu goma, mun yi mata shinkafa da rago.

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Malam Tamimu ne, ɗalibin jami'a mutumin Maraɗi, yake rubutawa ni ina faɗa. Tun farko ya gaya min shi a wannan magana gefenka yake. Na ce masa ba laifi, hannunsa na ara ba ra'ayinsa ba, ya rubuta yadda ta fito daga bakina ko da ta yi masa ɗaci. Na zaɓi takarda ne don ni da kai ba ma ƙare magana a waya, kana ɗaga murya ina ɗagawa har a rasa mai sauraro. Jibrin direba zai zo gida hutu, shi zai miƙa maka hannu da hannu.

Saƙon da ɗanka Abdou ya turo ta waya ya iso, na saurara har ƙarshe, na sa aka maimaita. Ka ce in sa jikana Isiyaku, ɗan Hajar, ya cire muryata daga sabon faifan waƙoƙinsa. Ka ce samarin gari suna kunna shi a bakin kasuwa, in ka zo wucewa za ka kiran salla sai su rage sauti suna ƙunshe dariya, wai yayan Ladan ya je ƙasa mai tsarki ya koma mawaƙi da furfurarsa. Ka ce mu ba maroƙa ba ne. Duk na ji. Amsata ita ce ba zan cire ba. Na faɗa da wuri don kada ka sha wahalar jira, yanzu sai ka gyara zama ka ji dalili.

Isiyaku ba ka taɓa ganinsa ba sai a hoto. A nan aka haife shi, Larabci ya fi zauna masa a baki, Hausarsa kuwa in ka ji sai ka tausaya mata. Da rana yana lodi a kamfanin kwali, ranar hutu kuma shi da abokansa su kama istiraha, wato gidan shaƙatawa a bayan gari, su yi ta kiɗa da jita mai lantarki. Irin kiɗan suna ce masa rok. Shi yake tsara waƙoƙinsa da kansa, da Larabci da Turanci. Faifansa na farko da ya kunna min, na ce masa na ɗauka motar ƙarafa ce ta kife a ƙofar sito. Amma ka ga ikon Allah, mutane suka so shi, tun daga Jidda har Masar yana da masoya. Ni dai ban taɓa shiga harkarsa ba, tsakanina da shi tsokana ce irin ta kaka da jika.

Wata Juma'a bayan mun ci abinci a gidan Hajar, ta ce in ɗaure mata igiyar shanya a saman bene. Ina naɗe igiyar a hannu, ashe bakina ya kama kiran rijiya ban sani ba, wanda Baba ya koya min tun muna bin shi ƙauyuka muna gina wa mutane rijiyoyi. Isiyaku yana bayana. Ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi, wai Jaddi, wato kakana, wannan mene ne, kuma me ya sa nake yin layi ɗaya in tsaya kamar mai jiran wani. Na ce masa ai jiran wani nake. Na zaunar da shi na gaya masa yadda aikin yake, cewa mutum biyu ne: na sama yana riƙe da igiya yana kira, na ƙasa yana haƙa yana amsawa. Na sama ya ambaci rijiyar da aka gina da sunan wanda ya shiga cikinta, ya tambayi na ƙasa inda ya kai, shi kuma ya amsa da nasa baitin, ko jan ƙasa ne, ko marmara, ko yashi mai sanyi. Na ce masa ba don daɗi ake yi ba. A ƙasan rijiya akwai muguwar iska da ke kashe mutum ba ihu, in amshi bai zo ba to jan igiya ake nan take.

Da ya kawo na'urarsa ya ɗauki muryata, sai ya ce in yi duka biyun, kira da amshi. Na ce ba zan yi ba. Kai ka san dokar Baba: na sama ba ya ɗaukar amshi a bakinsa ko da wasa, don in bakinsa ya saba, ranar da na ƙasa ya yi shiru zai cike masa gurbin da kansa bai sani ba. Na taɓa gwadawa muna yara, ka tuna marin da na sha. Kunnena ya san amshin, in wani ya yi kuskure zan gane, amma harshena bai taɓa ɗaukarsa ba, kuma ba a Riyad zai fara ba. Ya ce to bari ya cike wurin da jita. Na ce ko kusa, wurin yana da mai shi. Sai ya sa jitarsa tana bin muryata a hankali, in na tsaya ta tsaya, a yi shiru gwargwadon tsawon amshin, sannan in ci gaba. Haka ya saka ta a tsakiyar faifan ya sake shi a intanet.

To nan fa masoyansa suka rabu. Safiyya ke karanta min abin da suke rubutawa, ina shan shayi ina ji. Wani daga Jidda ya ce ya mayar da abin kunnensa shago yana faɗa, ya ɗauka shi ne ya lalace. Wani ya ce shi ƙara ya zo nema kamar na faifan farko, aka ba shi tsoho yana tari. Wani Bakano, Allah ya shirye shi, ya ce muryata kamar ƙyauren da bai ga mai ba, a taimaka a ba ni zuma. Wasu sun ce Isiyaku ya ga Turawa suna son kayan gargajiya ne shi ya sa ya je ya tono kakansa. Amma akwai wata 'yar Masar da ta ce ba ta jin ko kalma ɗaya, duk da haka in wurin shirun ya zo sai ta ji numfashinta ya tsaya. Wani direban tasi ɗan Sudan ya ce shi sai ya faka mota yake saurara. Wani daga Damagaram ya ce kakansa ma magini ne, ya rasu da nasu kiran ba wanda ya riƙe. Suna ta musu a junansu, masu cewa wannan ce waƙar da ta ɓata faifan da masu cewa ita kaɗai ce waƙa a ciki.

Abin ya taɓa yaron, ba zan ɓoye maka ba. Abokan kiɗansa suka matsa masa ya sake fitar da waƙar a gajarce, ba shiru, mai ganga ma ya ce shi ba zai zauna riƙe da sanduna yana kallon rufi ba. Ya zo min sito da la'asar fuska a murtuke, ya ce Jaddi mutane suna gudu. Na ce masa faifansa ne, ban haife shi don in mallaki jitarsa ba, uwarsa na haifa. In yana so ya cire ni gaba ɗaya, halas, ya cire. Amma muddin muryata tana ciki, ba mai zuba komai a gurbin na ƙasa. Na ƙara masa da cewa mai tsoron shirun numfashi uku ina zai iya riƙe mace, gara ya bar min budurwar tasa. Ya yi dariya, ya ce da Larabci wai kaina ya fi dutse tauri. Ya bar ta yadda take. Saboda haka ka ga, Mamane, wanda yake da ikon cirewa ma na ba shi zaɓi bai cire ba, ballantana samarin bakin kasuwa.

Zagi bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Masu son waƙar sun fara cike gurbin da kansu. Kowa ya ɗauki muryata ya ƙirƙiro amshinsa ya ɗora ya tura. Wani yaro a Dammam, ina tambayar na ƙasa wace ƙasa ya kai, shi kuma yana amsa min da habibti, wai masoyiyarsa ta tafi ta bar shi. Wani ya sa kiɗan rawa. Akwai wani ɗan Kaduna da ya tsara nasa da Hausa mai daɗi, har mutane sun fara cewa wannan shi ne na asali, suna haddacewa. Ba ko kalma ɗaya ta Baba a ciki. Ni kuma ba ni da bakin gyarawa, sai dai in ce ba haka ba ne, in aka ce to yaya ne in yi shiru. Tun da burtsatse ya shigo aka daina kiranmu, waɗanda suka san amshin duk sun riga mu gidan gaskiya. Kawu Dawuda ya tafi, 'ya'yansa ba wanda ya taɓa shiga rami. Kai kaɗai ka rage.

Ka ce mu ba maroƙa ba ne. Wa ya ce mu su ne? Wa muka taɓa yi wa kirari ya ba mu riga? Mu mutane muka ba ruwa. Kuma tunda ka manta bari in tuna maka rijiyar Garin Isma'il, shekarar da aka yi fari. Kana ƙasa, ina sama, na yi kira na jira, ba ka amsa ba. Mutanen garin suka ce ƙila hutawa kake, a ɗan ba ka lokaci. Ban saurare su ba, na ja, Baba ya kama, muka fito da kai jiki sake, leɓɓanka sun yi baƙi, sai da aka yi ta zuba maka ruwa kafin ka yi atishawa. Wannan shirun da yara ke yi wa dariya, shi na saurara ranar, shi ya sa yau akwai ladan a masallacinku. Ita kanta muryar da kake kiran salla da ita har a ji ka a bayan gari, ina ka samo ta? A ƙasan rami ka koyi turo murya sama. Ka ci amfanin abu shekara da shekaru, yau kuma kana jin kunyarsa.

Ga abin da nake so. Ka sa Abdou ya kunna maka kirana a waya, duk inda na tsaya ka amsa, ya ɗauka ya ba Jibrin ya taho da shi. Na riga na yi magana da Isiyaku, ya yarda ba zai sa jita ko ganga ƙarƙashin muryarka ba, in ba ka so a ambaci sunanka ba za a ambata ba. Shi kansa Malam Tamimu, da na tsare shi, ya ce murya zalla ba kiɗa shi bai ga abin cewa ba, ga shi nan yana rubutawa yana gyaɗa kai. In ma ba ka so ta shiga faifai, ka ba Isiyaku ya riƙe a bakinsa, jininmu ne, shi bai taɓa riƙe igiya ba, doka ba ta hau kansa ba.

In kuma ka ƙi, to ka ji. Kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙarƙashinsa, ya fara yi min zancen shekaru, da wuya ya sabunta min iƙama, takardar zama, baɗi, gida zan dawo. Wallahi ranar da na iso, ba zan neme ka a ɗaki ba. Zan bari a idar da la'asar, jama'a suna fitowa suna neman takalma, in tsaya a ƙofar masallacinka in ɗaga murya in yi kiran tun daga rijiyar farko. In na kai gurbinka zan tsaya in dube ka, gaban limaminku da samarin kasuwar da kake tsoro. Na san ka tun kana rarrafe, Mamane. Ba za ka iya barina tsaye ina jira ba.

Ka gaishe min da Delou, ka ce mata akwai maganin ɗigawa da dabino a jakar Jibrin, nata ne ita kaɗai. Ka gaida yayarmu Maimuna, a karanta mata takardar nan da ƙarfi, ita ta kai mana abinci bakin rijiyoyin nan, ta san ban ƙara komai ba. Ina gaida Abdou da Bilƙisu da yaransu, da liman, da duk wanda ya tambaye ni. Hajar da Safiyya suna gaishe ka. Isiyaku ya ce a gaida ƙaramin kakansa, wai ya gyara maƙogwaro. Allah ya kai mu azumi lafiya, ya jiƙan Baba da Inna da duk waɗanda sunayensu ke cikin kiran.

Ni ne yayanka na bakin rijiya,
Badamasi