Ƙafar Teburin Jawabi

Ranar Lahadi

Yaya,

Ke da kika fi kowa sanin mijinki, gaya mini: idan aka miƙa masa takarda, karantawa yake yi ko haɗiyewa?

Na san ba haka ake fara wasiƙa ba, ki yafe mini. Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatun ungozoma kuma yana tafiya daidai. Yaya ciwon bayan nan? Kina shan maganin, ko kin jefa shi ƙasan jaka kamar yadda kika saba? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ki, ta ce hotunan jariran mutane da kike turo mata sun ishe ta haka, fuskarki take son gani.

Na rubuto maimakon in kira, domin a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na ɗauko zance sai ki ce, "Tartsatsi, ka yi haƙuri," sai kuma ki ce ana nemanki a aji.

An rufe ɗakin karatu, Yaya. Wanda ke bayan zauren ƙungiyar su mijinki, inda kika ja ni da kunne shekarar da na gudu daga makaranta, kika ajiye ni a bakin ƙofa kika yi tafiyarki. Baba Mai Makulli, tsohon da ke kula da ɗakin, bai koya mini komai ba. Littafi ya miƙo mini, ya nuna mini benci, ya ce kar in naɗe shafi. A ɗakin nan na yi ta kokawa da baƙaƙe ni kaɗai har suka sallama. Kantocin da ke ciki ma ni na yi waldarsu da na fara iya aiki.

Makonni uku ke nan da aka canza kwaɗon ƙofar. Littattafan suna cikin kwalayen sabulu a baranda. Cikin ɗakin kuwa an shimfiɗa kafet, an saka kujerun kushin da na'urar sanyaya ɗaki, wai wurin hutawar baƙi masu jawabi. Baba har yanzu yana zuwa ƙarfe huɗu kamar kullum, ya zauna a benci kusa da kwalayen, da tsohon makulli a aljihunsa.

Jiya na je taronsu na Asabar. Kin san wa suka gayyato? Wani Farfesa. Kin san a kan me ya yi magana? Muhimmancin karatu ga matasa. Daga cikin ɗakin ya fito yana goge baki, ya ratsa ta gefen kwalayen ya hau tebur.

Kafin ya fara sai da Shugaba, mai kantin maganin nan, ya gaishe da Mataimaki, da Tsohon Shugaba, da Tsohon Shugaba na kafin shi, da shugabannin al'umma ɗaya bayan ɗaya, kowa ya miƙe an tafa masa. Na duba agogo, minti talatin da biyar. Sannan Farfesa ya ce matasan yanzu ba sa karatu, waya ta cinye su. Aka yi tafi. Wani dattijo a layin gaba ya farka ya taya su.

Ga dokarsu: ba a ɗaga hannu. Mai tambaya ya rubuta a 'yar takarda, a miƙa wa Sakatare, Sakatare ya zaɓa ya karanta, Shugaba ya kaɗa ƙararrawa, a tashi. Sakataren kuma mijinki ne. Na rubuta layi ɗaya: yaushe za a mayar da littattafan ɗakinsu? Karo na biyu ke nan, domin wancan taron ma na rubuta, ranar da wani Dakta ya yi bayanin hawan jini. Na miƙa da hannuna, ya kalle ni ya yi murmushi. Da lokaci ya yi, abin da ya karanta shi ne, "Yallaɓai, mene ne sirrin nasararka?" Farfesa ya ɗauki minti goma sha biyar yana tona sirrin.

Ba na son ki shiga tsakani, amma wa zan gaya wa in ba ke ba? Ki gaishe da abokan karatunki. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Ƙaninki,
Tartsatsi


Ranar Litinin

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta sau uku. Na ji daɗi da kika ce bayan ya yi sauƙi. Inna tana nan lafiya, sai dai ƙafa, amma tana taka ta.

Kin ce in tuna cewa mijinki ne ya kai ni wurin Oga na koyi walda. Ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Kin ce in je in same shi a gida cikin ladabi. Na je. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi kamar mutumin kirki. Har ya yi mini tsiya, ya ce yau kuma wane laifi na yi da na zo da ladabi haka.

Da na kawo maganar sai fuskar ta koma ta Sakatare. Ya ce, "Ƙanina, ƙungiya ba garejinku ba ce, komai da tsarinsa." Ya ce manyan mutane ba za su zo su zauna a benci suna zufa kafin jawabi ba, kuma idan manyan suka daina zuwa, wa zai san da ƙungiyar? Na ce to tambayata fa? Ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi duk takardar da aka miƙo mini tana isa tebur. Taka ma tana can." Tun da ya rantse, na yi masa sallama na tafi. Kin ga ai ina jin maganarki.

Ran Alhamis aka yi ruwa da la'asar. Na bar aiki a tsakiya na ruga, na tarar da Baba yana jan kwali shi kaɗai, rigarsa ta manne a baya. Kwalaye biyu na ƙasa sun sha ruwa. A ciki akwai babban ƙamus ɗin nan mai jan bango, wanda na yi shekara biyu ina ɗagawa kamar mai motsa jiki. Yanzu ya kumbura, shafukan sun haɗe, idan ka ja sai su zo hannunka. Na aro tamfol a gareji muka rufe sauran. Baba kuwa ya durƙusa gaban ƙamus ɗin. Shafi ɗaya ya ɗauko yana hura masa iska da baki.

Shekaranjiya kuma aka yi wani taron. Baƙon Injiniya ne, batunsa kuwa kula da kayan jama'a. Yaya, ki ce mini ba da gangan suke yi ba. Ya ce mutanenmu ba su san darajar abin da ba su saya da kansu ba. Daga inda yake tsaye, da zai juya kai hagu ta taga, tamfol ɗin zai gani. Shugabannin al'umma suna gyaɗa kai kamar sun gane wa yake nufi. Ɗaya ya miƙe ya yi godiya a madadin matasa. Mutumin nan jikansa ya girme ni.

Na sake rubutawa, na sake miƙawa. Aka karanta tambayar wani da ke son sanin ko Injiniya ya sha wahalar hanya. Aka kaɗa ƙararrawa.

Kada ki ce na tsani ƙungiyar. Su suka gyara rijiyar bayan asibiti, su suka kawo masu auna ido kyauta har Inna ta samu tabarau, kuma tsofaffinsu ne suka buɗe ɗakin karatun tun ba a haife ni ba. Shi ya sa abin yake ci mini rai. Na kuma ji cewa a taro mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a a tabbatar da ɗakin baƙi, littattafan kuma a "duba yadda za a yi da su." Na san ma'anar wannan. Masu ƙunshe kaya a kasuwa ne za su duba.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Ƙaninki,
Tartsatsi


Ranar Laraba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, kuma jarrabawar ta zo da sauƙi. Inna ta ce in gaya miki ta yi miki addu'a. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Mijinki bai yi ƙarya ba. Na fara da wannan domin hankalinki ya kwanta. Rantsuwarsa tana nan daram.

Jiya da safe Shugaba ya aiko a kira ni. Na ɗauka maganar littattafai ce, har na canza riga. Ashe teburin jawabi ne. Kin san ni na yi shi shekara biyu da suka wuce, na ƙarfe, mai ƙafa huɗu. Shugaba ya ce yana girgiɗi, ran nan har ruwan Injiniya ya kusa zubewa, kuma baƙo na gaba babban mutum ne ƙwarai, ba a son abin kunya. Ya ce, "Kai da ake yabon hannunka, ga aikinka yana rawa a gaban jama'a." Ya bar mini makullin zaure ya tafi kanti.

Na koma gareji na kwaso kayan aiki, na auna ƙafafun, duka huɗun daidai suke. Simintin wurin ne ya lotsa ta gefe ɗaya. Na durƙusa in duba, sai na ga an cusa wani abu a ƙarƙashin ƙafar baya ta dama. Na ɗaga tebur na jawo shi. Takardu ne, Yaya. 'Yan takardun tambaya, an ninke kowace gida huɗu, an ɗora wata kan wata, ƙarfe ya danne su har sun yi tauri kamar katako. Duk lokacin da tebur ya fara rawa, sai Sakatare ya sunkuya ya ƙara ɗaya. Na sha ganinsa yana sunkuyawa, na ɗauka igiyar lasifika yake gyarawa.

Na zauna a ƙasa na warware su. Goma sha ɗaya ne. Uku nawa, da rubutuna mai kama da tafiyar kaza. Akwai ta wata mata da ke tambayar yaushe za a rufe kwalbatin da 'yarta ta faɗa. Akwai ta wani direba da ke son a bar masu aikin yini su yi magana da baki, domin ba kowa ne ya iya rubutu ba, shi ma wani ya rubuta masa. Ta can ƙasa, wadda ta fi daɗewa, tsatsa ta yi mata zobe. Rubutun na san shi, shi ne a bangon kowane littafi na ɗakin karatun. Baba ya rubuta: "Idan an gama da ni, a faɗa mini wanda zan miƙa wa makulli."

Wato ya yi tambaya tun ranar farko, da ladabinsa, a bisa tsarinsu. Kullum ƙarfe huɗu da yake zuwa, amsa yake jira. Farfesa da Dakta da Injiniya duk a kan takardarsa suka jingina suna koya mana zaman duniya.

Ba zan ɓoye miki ba, injin yanka yana hannuna, kuma na yi tunanin in raba teburin nan gida biyu in bar musu a bakin ƙofa. Abin da ya hana ni ke ce. Na tuna ke za ki dawo gidan nan, ke za a kalla a ce ga aikin ƙaninki. Na kuma tuna ba a taɓa dawo mini da aiki an ce ban iya ba.

Don haka na gyara. Na yanke ƙasan ƙafar, na saka mata noti mai juyawa, a ɗaga ko a sauke yadda simintin yake so. Na hau kai da nauyina, ko motsi bai yi ba. Yanzu babu ramin da zai ci takarda.

Ga abin da zan yi, kuma ke na fara gaya wa domin kada ki ji a bakin wani. Ran Asabar zan je da wuri. Takardun nan goma sha ɗaya na goge su da dutsen guga, sun miƙe. Zan ɗora su a saman tebur, in danne su da maganaɗisu, inda babban baƙo zai ajiye tabaransa. Baba zai zauna a layin gaba, ko da zan ɗauko masa benci daga baranda. Matar nan da direban sunayensu suna jikin takardun, na nemo su, sun ce za su zo. Ba zan yi ihu ba, ba zan zagi kowa ba, na yi miki alkawari. Tsayuwa kawai zan yi, kuma ƙararrawa ba za ta zaunar da ni ba.

Na san za ki kira shi da zarar kin gama karanta wannan. Ki kira. Ki gaya masa ba na son ya zo gareji ya dafa kafaɗata, ba na son ya aiko Inna ta ba ni baki, ba na son "zo mu yi magana a gida." A gida na riga na durƙusa. A gaban jama'a ya karɓi takardun nan, a gabansu zai amsa. Kafin a kaɗa ƙuri'a, ya ɗauki ta Baba, ya karanta ta a lasifika da muryar da yake karanta sirrin nasara, sannan shi da Shugaba su dubi tsohon nan su faɗa masa wa zai miƙa wa makulli.

Idan na ɓata miki rai, ki yafe mini. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Ƙaninki da kika ja da kunne,
Tartsatsi