Kebur Ɗin da Yaya Ya Mayar

Litinin, 3 ga Yuni

Damina ta uku ke nan rabona da gida. Ɗaki ɗaya, gado biyu, ni da Yaya, wan matata. Shi ya kawo ni, shi ya tsaya mini har kamfani ya damƙa mini tirela.

Yau ma mai wayarin ɗin kamfani ya tare ni a bakin get. Fitila muke ce masa, don ba shi da zance sai na fitilar nan mai ruwan ɗorawa ta birkin kwamfuta. Ya leƙa tsakanin kan mota da bodi, ya girgiza kebur ɗin birkin, wai ko na zare. Na ce, "Malam Fitila, ka taɓa sauko da dutse tan talatin a kan burji?" Ya ce shi dai aikinsa yake yi. Aikin kai ƙara.

Alhamis, 6 ga Yuni

A hanyar kwari, inda ake fasa dutse, birkin nan annoba ne. Ka taka, ya riƙa kamawa yana saki, mota na ta tafiya a kan tsakuwa. Shi ya sa kowa ke zare kebur ɗin bodi in zai shiga, ya mayar in ya hau kwalta. Manaja bai sani ba. Fitila ya sani, ya sa an yanke wa mutum biyu albashi. Allah ya isa.

Talata, 11 ga Yuni

Ana yayyafi, Yaya na gaba ina bin sa. A gangaren gada wata bas ta ci birki a gabansa. Ya taka nasa. Tayoyin bodi suka daskare, bayan motar ya zagayo kamar wutsiyar kunama, ya share rumfar mai shayi. Allah ya rufa asiri, ba kowa a ciki.

Na iso da gudu. Kebur na lilo, Yaya ya manta bai mayar ba. Ya rarrafo, hannun hagu a karye, ya cusa kebur ɗin cikin soket da na dama. Sannan ya dube ni.

Laraba, 12 ga Yuni

Direbobi sun haɗa baki: gyaran Fitila ne ya ci amana. Har ana raha, wai bana fitilarsa za ta mutu.

Asabar, 15 ga Yuni

An dakatar da Fitila. Na gan shi a bayan gareji yana cin abinci a tsaye, shi kaɗai. Ashe shi ma baƙo ne a nan, 'ya'ya huɗu a gida. Ina ruwana? Da ya iya bakinsa.

Maman yara ta kira. "Ka dai san halaccin da Yaya ya yi mana." Na sani. Wa ya fi ni sani?

Litinin, 17 ga Yuni

Gobe manaja zai ji ta bakina, ni kaɗai ne shaida. Yaya na kwance, ya ce, "Ƙanena, cewa za ka yi ba ka lura ba. Ba ƙarya ba ce babba." Na ce bari in ɗora masa ruwan wanka.

Talata, 18 ga Yuni

Na faɗa. Na ce kebur a zare yake. Na kuma ce kowa na zarewa, har ni, kuma duk wanda ya sayo birkin nan bai taɓa shiga kwari da kaya ba. Manaja ya haɗe rai, ya ba ni gargaɗin ƙarshe. An sallami Yaya.

Fitila ya biyo ni zai yi godiya. Na ce, "Kauce mini, ba don kai na yi ba. Har gobe munafuki ne kai."

Juma'a, 21 ga Yuni

Ba mai amsa sallamata a gareji. Wani ya sace mini iskar taya biyu. Maman yara ba ta ɗaga waya.

Lahadi, 30 ga Yuni

Yaya ya tafi jiya. Gadonsa babu ko zanin shimfiɗa.

Yanzu ba na zare kebur. A kwari da giya ɗaya nake saukowa, sawu uku maimakon huɗu, ana yi mini oda a baya. Da safe nakan jira fitilar ta mutu, alamar birki lafiya, kafin in motsa. Ba komai ba ne, ɗumama inji nake yi. Fitila ya ce na'urar birki ta tayar baya ta cika da laka, na bar shi ya goge. Ban yi masa magana ba. Na dai riƙe masa tocila.

Abin da na tara: albashin wata shida ne. Na cusa na wata biyu a jakar Yaya. Ya gani, bai mayar ba, bai kuma dube ni ba. Saura huɗu.