Warin Esin Motata da Tambayoyin da Suka Rage Mini

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu gyaran esin mota na yankinmu.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da sallama irin ta Musulunci, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan sana'a.

Sunana Rabi, a Kura nake zaune, sana'ata haɗa turaren wuta da humra. Da ƙaramar motata nake kai wa amare kaya Bunkure da Garun Mallam. Na rubuto a fili ne don na san ba ni kaɗai abin ya shafa ba.

Bayan daminar bara motar ta fara wari. Da na kunna esi, wato na'urar sanyaya mota, sai ya buso, irin na jiƙaƙƙen buhu da aka manta a kulle cikin ɗaki. In an ɗan yi tafiya ya lafa, gobe ya dawo. Na wanke kujeru, na shanya kafet, na ƙona mata turarena mafi tsada, duk a banza.

Mai gyara na farko ya ce gas ne ya yi ƙasa, ya ƙara. Na biyu ya fesa turaren gwangwani a ƙofofin iskar, ya ce an gama. Ranka ya daɗe, ƙamshi ne abincina, na san turare ba ya kashe wari, lulluɓe shi yake yi. Na uku bai ko shiga motar ba ya ce sai an canza kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin, na ce ya bari in yi shawara.

Ana cikin haka na ɗauko Hajiya Ladi daga Bunkure, wata dattijuwa da za ta aurar da 'yarta, don ta zaɓi kaya a gidana. Da na kunna esi sai ta ja mayafi ta rufe hanci, ta waiwaya ta kalli kwalaben da ke kujerar baya. Ta ce, "Rabi, anya humrar nan ba ta kwana biyu ba?" Na rantse mata motar ce, ta ce ba komai. Ta zaɓi kaya, ta ce za ta aiko. Daga baya na ji a Kano ta yi sayayyarta.

Wani maƙwabcina ne ya tura ni wurin Malam Sani, shi ma ɗan ƙungiyarku. Ya zauna a kujerar gaba ya shaƙi iskar, ya tambaye ni ko ina ganin ruwa na ɗiga a ƙarƙashin motar in na tsaya. Na ce na daɗe ban gani ba, har ina murna ta daina yoyo. Ya buɗe ma'ajiyar da ke gaban fasinja ya zaro wata filta ta tace iska da ban taɓa sanin tana wurin ba, baƙa ƙirin da fumfuna da buntun shinkafa. Sannan ya kwanta a ƙarƙashin motar ya zura waya cikin wani ɗan tiyo da ruwan esi ke fita ta cikinsa. Sai ga laka ta faɗo, ruwa mai wari ya biyo ta. Ashe zanzaro ne ya yi gida a ciki. Ya canza filtar, ya wanke hanyar iskar, ya ce in riƙa kashe sanyin in bar fanka tana juyawa kafin in isa gida, don cikin ya bushe. Tun ranar warin bai dawo ba.

Ga abin da nake son sani, kuma da gaske nake tambaya:

Na ɗaya, duba filta da tiyon nan ba ya cikin abin da kuke koya wa masu shiga sana'ar? Ko an sani, aikin ne ake ganin ya yi ƙanƙanta?

Na biyu, mu da muke ajiye mota tsakanin kanal ɗin ruwan noman rani da injinan shinkafa, ga laima ga buntu a iska, shin filtarmu ta fi ta mutanen birni saurin lalacewa? In haka ne, yaushe ya kamata mu canza?

Na uku, iskar da na yi watanni ina shaƙa, jikokina ma suna shaƙa, tana da illa? Ɗaya daga cikinsu ya sha tari a lokacin, kuma har yau ban san ko motar ce ba.

Roƙona shi ne ka tara mutanenka ku mayar da wannan dubawar abin farko ga duk wanda ya kawo ƙarar wari, ku kuma riƙa nuna wa mai mota abin da kuka ciro. Ban ambaci sunayen mutum ukun nan ba, don ba tozarci nake nema ba. Na dai koma wurin na biyun da tsohuwar filtar a leda. Ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya tambaye ni a ina ake ciro ta.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya sa albarka a hannuwanku.

Wassalam.

Rabi mai turare, Kura.